Neman shawara: yaya za mu riƙe ƙungiyar zane ta 'yan Latino da bikin abincinta a unguwarmu?

Maman Hanif, Shikago

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na zo da wata matsala da ta tsaya mini a rai, na kuma san a cikinku akwai waɗanda suka daɗe a Amurka, suka san kan aikin ƙungiyoyin sa-kai fiye da ni.

Muna zaune a kudu maso yammacin Shikago, unguwar da kusan kowane gida 'yan asalin Meksiko ne, cikin waɗanda ake kira 'yan Latino. A layinmu akwai wata 'yar ƙungiya a cikin wani tsohon shago. Yara na zuwa bayan an tashi makaranta, ana koya musu zane, da buga hoto a jikin riga da takarda, da yanka takardun ado masu launi da suke ratayawa lokacin biki, da rawar gargajiyarsu. Ba a karɓar ko sisi daga iyaye. Hanif ɗina, wanda a da ba ya iya zama wuri ɗaya, yanzu sai in leƙa in gan shi ya duƙufa a kan allon roba yana sassaƙa hoton zakara, harshe a waje, bai ma san na shigo ba. Dattijuwar da ta kafa wurin tsohuwar malamar makaranta ce. Da ta ji na yi aikin lissafi a Kano kafin mu zo, sai ta roƙe ni in riƙe musu ma'aji. Ban iya ce mata a'a ba, domin ita ce ta riƙa kula da yarana lokacin da nake aikin dare.

Ƙungiyar tana da rajistar 501(c)(3), wato ta ƙungiyar agaji da aka yafe wa haraji. Kusan duk kuɗin shekara daga bikin abinci na ƙarshen bazara yake fitowa. Ana rufe titi, mata su kafa rumfuna: tamale, wato ƙullin masara da nama da ake naɗewa a ɓawon masara a turara, da masara gasasshiya da ake shafa wa mayonis da cuku da barkono da lemun tsami, da wata miya baƙa mai kauri da ake haɗawa da barkono iri-iri da ɗan cakulan, da zoɓo mai sanyi a manyan kwalabe, irin namu sak. Ana karɓar kuɗin rumfa, a ƙofa kuma a roƙi mutane su jefa abin da ya sawwaƙa, tunda a Shikago ba a tilasta wa mutum biyan kuɗin shiga titin gwamnati.

Shekarar 2025 ta yi mana illa. Saboda samamen jami'an shige da fice, mutane suka ƙi fita. Kun dai ji an soke faretin Cinco de Mayo, bikin 5 ga Mayu na 'yan Meksiko, na unguwar Little Village, a watan Satumba kuma masu shirya El Grito, bikin 'yancin kan Meksiko, suka ɗage nasu. Mu mun yi namu, amma titi ya zama fayau, masu rumfa da yawa suka koma gida da abincinsu. Ga kuɗin haya ya ƙaru, ga wani tallafi da muke samu ba a sabunta ba. Abin da ke asusu yanzu ba zai kai mu bazara ba.

Kwamiti ya rabu uku. Wasu sun ce a kafa rumfar giya, nan kuɗi yake. Wasu sun ce a sayar da tikitin ƙuri'ar cin mota. Wasu kuma sun ce a haƙura da bikin gaba ɗaya. Ni giya da ƙuri'ar ba su kwanta mini ba, amma ba na son in zama baƙuwar da ta shigo ta toshe wa mutane hanyar samu ba tare da ta kawo wata ba. Don Allah wanda ya san hanya ya nuna mini.

Baban Zahra, Maryland

Wa alaikumus salam Maman Hanif. Allah ya saka da alheri, wannan haƙƙin maƙwabtaka ne kike saukewa. Aikina kenan, duba littattafan ƙananan ƙungiyoyi, don haka ki yi haƙuri zan fara da abin da ba shi da daɗin ji.

Kafin ku nemi kuɗin kowa, ki zauna ki fitar da ainihin ribar bikin. Ba abin da ya shigo ba, abin da ya rage. Ki cire kuɗin takardun izini, inshora, masu gadi, shingen ƙarfe, banɗakunan haya, janareta, dandamali da lasifika, makaɗa, kwashe shara. Sau da yawa nakan tarar ƙungiya tana alfahari da bikin da ya tara dala dubu sittin, da an yi lissafi sai a ga dubu hamsin sun tafi a hidima, ba a ma sa wahalar masu aikin sa-kai na wata uku ba. Idan naku haka yake ko a shekara mai kyau, to bikin ba shi ne ke riƙe ƙungiyar ba, ko da kuwa kowa ya ɗauka haka.

Sai takardu. Ki tabbatar ana cika fom 990, rahoton kuɗi da ƙungiya ke kai wa hukumar haraji, kowace shekara. Ƙungiyar da kuɗin shigarta bai wuce dala 50,000 ba, gajeren 990-N take cikawa ta intanet. Wadda ke ƙasa da dala 200,000, kadarorinta kuma ƙasa da 500,000, tana iya amfani da 990-EZ. Shekara uku a jere ba a cika ba, hukumar haraji ta IRS za ta soke rajistar kai tsaye, kuma babu gidauniyar da za ta kalle ku. A jiharku ta Illinois akwai kuma rahoton shekara da ake kai wa ofishin babban lauyan jiha. Duk wanda ya ba ku dala 250 ko fiye, ki rubuta masa takardar shaida, in ba haka ba ba zai iya neman rangwamen haraji a kanta ba.

Ga wani abu da mutane ba su cika sani ba: fom 990 a buɗe yake ga kowa. Ki shiga shafin ProPublica na ƙungiyoyin sa-kai, ki duba na ƙungiyoyin da suka yi kama da taku, za ki ga nawa bikinsu ya kawo, nawa ya ci. Gidauniyoyi masu zaman kansu kuma suna cika 990-PF, a ciki suna jera sunan duk wanda suka ba kuɗi da adadin. Nan za ki gane wa ke bai wa irinku a Shikago, ba sai kin yi ta harbi a duhu ba.

Shawarata ta gaske ita ce masu bayarwa duk wata. Kusan kashi biyu cikin uku na kyautar da ake yi a ƙasar nan daga aljihun ɗaiɗaikun mutane take fitowa, ba daga kamfanoni ko gidauniyoyi ba. Iyaye da maƙwabta 150, kowa dala 15 a wata, dala 2,250 kenan, a shekara 27,000. Ruwan sama bai taɓa wannan kuɗin, samame bai taɓa shi. Kuma daga harajin shekarar 2026, ko wanda ba ya jera abubuwan rangwame ɗaya bayan ɗaya zai iya cire kyautar kuɗi har dala 1,000, ma'aurata 2,000. Ki faɗa wa mutane wannan.

Hajiya Mai Masa, Houston

Maman Hanif sannu da ƙoƙari. Ni ta ɓangaren masu rumfa zan yi magana, don shekaruna ina sayar da masa da tsire a bukukuwan titi a nan Texas, yawanci a tsakiyar 'yan Latino.

Don Allah kada ku ce za ku cike giɓi da ƙara kuɗin rumfa. Matar da ta kwana tana naɗa tamale, ta sayi nama da gas, ta biya takardar hukumar lafiya, sannan ta koma gida da rabin tukunya a bara, in kuka ƙara mata kuɗi ba za ta dawo ba. Kuma ita ce bikin. Mutane ba don jawabi suke zuwa ba, don hannunta suke zuwa. Wurin da na fi jin daɗin sayarwa, kuɗin rumfa kaɗan suke karɓa, sannan su ɗauki wani kaso na ciniki. Ana sayen tikiti a teburin ƙungiya, a ba mu tikiti mu ba da abinci, da dare a ƙirga a biya kowa. In kasuwa ta yi kyau mu samu tare, in ta faɗi mu yi asara tare. Motocin abinci na manyan gidajen cin abinci kuwa, su a caje su cikakken kuɗi.

Abu na biyu, me ya sa sai bazara? Mutanen nan a watan Disamba ba su da abincin da ya wuce tamale, haka ma ranar 2 ga Fabrairu. Ku karɓi oda tun da wuri, dozin-dozin, a biya kafin a dafa, a yi aikin a kicin mai lasisi, mutum ya zo ya ɗauka ko a kai masa gida. Babu rufe titi, babu masu gadi, wanda ke tsoron fita ma zai saya. Ku kai takardar oda asibitoci da makarantu da ofisoshi. Wata ƙawata 'yar Honduras da kuɗin irin wannan cocinsu ya gyara rufi.

Na uku, ke ce za ki kawo musu. Asalin tamale da kitsen alade ake kwaɓa ƙullin, shi ya sa namu ba sa kusantar sa. A ware tukunya daban, a yi da man gyaɗa ko na masara da kazar halal, a rubuta a fili. Shikago cike take da Musulmi, ga Larabawan Bridgeview can kusa da ku. A Kalifoniya tun 2017 aka fara kai motocin tako, wani abincin 'yan Meksiko, na halal masallatai da azumi, kuma mutane sun yi ta layi. Ku gwada a buɗa-baki ɗaya ki gani.

Malam Na-Bronx

Salamu alaikum. Hajiya ta gama magana a kan abinci, ni kan giya da ƙuri'a zan tsaya.

'Yar'uwa, ƙungiyar tasu ce, addininsu daban, ba ki da ikon hana su abin da dokarsu ta halatta musu. Amma ke ce ma'aji, kuɗin ta hannunki zai bi, don haka kina da damar ki ce ba za ki ƙirga kuɗin giya ko na caca ba. Ki faɗa musu cikin mutunci tun kafin a yanke shawara, ba bayan an yanke ba. Sayen tikiti don a ci mota caca ce, ko da niyyar taimako ce. Ko a dokar Illinois ma sai an nemi lasisi kafin a yi ta.

Sannan kada su ɗauka wannan ra'ayin Musulmi ne kawai. A garinku, a unguwar Pilsen, ana yin Fiesta del Sol tun farkon shekarun 1970, kwana huɗu a titin Cermak, yana cikin manyan bukukuwan 'yan Latino a ƙasar nan, kuma an san shi da cewa ba giya ba taba. Ƙungiyar unguwa ce ke shirya shi, daga kuɗinsa ake bai wa ɗalibai tallafin karatu. Nasu ne, 'yan'uwansu ne suka yi. Ki kai musu wannan misalin. Ki kuma nemi mutanen IMAN da ke titi na 63, ƙungiyar Musulmi ce da aka kafa a 1997, suna da sashen fasaha, sun saba aiki da baƙaƙe da 'yan Latino na wannan yankin.

Maman Hanif, Shikago

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Baban Zahra, na bi maganarka na kwaso rasit na shekarun baya daga cikin kwalin da ake tara su. Gaskiyarka ne. Ko a shekarar da aka fi cika, abin da ya rage bai kai kuɗin hayar wata biyar ba. Sauran dattijuwar ce ke cikewa daga fanshonta ba tare da ta gaya wa kowa ba. Da na nuna mata lissafin sai ta yi shiru, ta cire tabarau tana gogewa da gefen rigarta, ta ce ita dai ba ta son yaran su zo su tarar da ƙofa a kulle.

Inda na tsaya shi ne batun biya duk wata. Iyayen nan masu aikin gini ne, da wanke-wanke a gidajen abinci, da shara a ofisoshi. Da yawa ba su da katin banki, wasu kuma yanzu ba sa son sunansu ya shiga kowace takarda. Yaya zan ce su cika fom a intanet? Kuma dattijuwar ta rantse ba za a taɓa cajin yaro ba, tana tsoron kada gudummawar ta rikiɗe ta zama kuɗin makaranta.

Malam, zan kai maganar Fiesta del Sol zaman kwamiti. Wanda ya fi matsawa a kan giyar mutumin kirki ne, shi ke ɗauko kujeru da motarsa kyauta, tsoron rufe wurin ne ya sa shi.

Anti Bilki, Minneapolis

Ƙanwata, na yi shekaru ina rubuta takardun neman tallafi ga wata cibiyar baƙin haure, bari in sa baki. Zan ɗan saɓa wa Baban Zahra a wuri ɗaya, ya yi haƙuri.

Da farko batun kati. Mutanen nan ba baƙin tara kuɗi ba ne. Suna yin adashi, tanda suke ce masa. In za a yi wa yarinya bikin cika shekara goma sha biyar, wani ya ɗauki nauyin kek, wani riga, wani makaɗa, a kira su iyayen biki. Ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya da ke nan Amurka sun daɗe suna tara kuɗi suna gina hanyoyi da rijiyoyi a ƙauyukansu, har gwamnatin Meksiko ta taɓa yin wani shiri, da aka fara a 2002, na ƙara dala uku a kan kowace dala ɗaya da suka aika. To ku bi hanyar da suka saba. A samu uwa ɗaya a kowane layi mai karɓar dala biyar ko goma a hannu duk wata, ta ba da rasit mai lamba, wanda ba ya son suna a rubuta "maƙwabci". Mutum biyu su ƙirga tare, a kai banki washegari, a liƙa jimillar a bangon shagon kowa ya gani. Masu shaguna kuma kada ku ce musu "ku taimaka". Ku ce wa mai gidan burodi ya zama uban fenti na shekara, mai garejin mota ya ɗauki wutar lantarki, a rubuta sunansu a ƙofa. Yaron da iyayensa ba su bayar ba kada ya taɓa sani, kada malamai ma su ga littafin. Wannan zai kwantar wa dattijuwar hankali.

Inda na saɓa: kada lissafin riba ya sa ku kashe bikin. Ranar ce kaɗai mutanen wajen unguwa ke ganin aikin yaran, kuma hotunan ranar su ne za ki liƙa a kowace takardar neman tallafi. Ku rage shi. Wuni ɗaya, a harabar coci ko filin ajiye motoci na makaranta, inda akwai katanga da ƙofa, mutane za su fi sakin jiki, kuɗin shinge da gadi zai ragu, kuma a fili mai zaman kansa kuna iya sa kuɗin shiga. Ku nemi wanda zai biya hidimar tun kafin ranar. Ki fara da bankunan unguwa, domin dokar 1977 ta sa ana auna su a kan abin da suke yi wa unguwannin masu ƙaramin ƙarfi da suke kasuwanci a ciki. Sai asibitoci da manyan kantunan kayan abinci na 'yan Latino. Kamfanoni suna ware kuɗi don watan tunawa da al'adun 'yan Latino, 15 ga Satumba zuwa 15 ga Oktoba, amma kasafin tun farkon shekara ake rufe shi. Wanda ya je a watan Agusta ya makara.

Gidauniyoyi kuwa, ki nema amma kada ki jingina da su. Binciken da aka yi a baya ya nuna abin da ke isa ga al'ummar Latino daga kuɗin gidauniyoyin Amurka bai fi kashi ɗaya da ɗoriya cikin ɗari ba, alhali su kusan kashi ɗaya cikin biyar ne na jama'ar ƙasar. Hukumar fasaha ta tarayya, NEA, ta soke ƙaramin tallafinta na dala 10,000 da ake kira Challenge America a farkon 2025, a watan Mayu kuma ta janye tallafin ƙungiyoyi da dama da ta riga ta yi wa alkawari. Ku fi mai da hankali kan na kusa: shirin CityArts na sashen al'adu na birnin Shikago, da hukumar fasaha ta jihar Illinois, da NALAC da ke San Antonio, wadda tun 1989 take aiki don masu fasaha 'yan Latino kuma tana da asusun tallafi. A kowace takarda ki nemi kuɗin gudanarwa, wato haya da albashi, kada duk a ɗaure ku da "sabon shiri" alhali hayar ce ke kashe ku.

Ki kuma je gidan tarihin fasahar Meksiko da ke Pilsen. Malaman makaranta ne suka fara shi a 1982, ƙarƙashin jagorancin Carlos Tortolero, aka buɗe ginin a 1987, har yau shiga kyauta ne. Sai a 2021 attajira MacKenzie Scott ta ba su dala miliyan 8, bayan kusan shekara arba'in suna fafutuka. Ma'aikatan irin wannan wuri sun san kowa a harkar, ku nemi ganawa da sashen ilimi nasu, ku tafi da zanen yaran a hannu.

Abu na ƙarshe, kuma ki faɗa mata a hankali: a daina cike giɓi da fanshonta a ɓoye. Duk abin da ta sa a rubuta shi a matsayin gudummawa, don mai ba da tallafi ya ga ainihin abin da wurin ke ci a shekara.

Baban Zahra, Maryland

Anti Bilki, ban ce a kashe bikin ba, na ce a san gaskiyar lissafinsa, kuma na yarda da rage shi. Gargaɗi ɗaya a kan kuɗin hannu: Maman Hanif, kada ki taɓa kai shi gidanki ko ki zuba a asusunki, ko na dare ɗaya ne. Littafin rasit mai kwafi biyu, sa hannun mutum biyu a kan kowane cek. In kin shirya kasafin wata goma sha biyu, ki turo mini ta akwatin saƙo in duba miki kafin zaman kwamitin, ba sai kin biya komai ba.